Hannu ya iya, takarda babu: magana da magidantanmu na Tamanrasset

Ranar da zan fara shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda mutanen nan ke kira mahwul ummiyya, sai da na zagaya katangar makarantar sau biyu kamar mai cigiyar akuya. Shekaruna 39 a lokacin, da mata da 'ya'ya biyar, da rumfar walda tawa ta kaina, har da yara uku da nake koya wa aiki. Malamin bai ba ni tsoro ba, karatun ma haka. Idon mutane nake gudu. Ina ta addu'a kada wani ɗan Gata'al Wad ya hango ni ya kai labari wajen mai nama, inda muke zaman shayi bayan isha'i.

Labarin kuwa ya riga ni isa. Ina zama wani abokina ya miƙo min kofi ya ce, "Ɗan lakwal, ina jakar? Ko uwar yara ba ta ba ka kuɗin fanke ba?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Yau shekara shida ke nan. Cikin waɗanda suka yi dariyar, mutum biyu sun kawo min takarda na karanta musu a ɓoye, ɗaya ta asibiti, ɗaya ta kotu, kuma kowannensu sai da ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ban kama sunansu ba, ba kuma zan kama ba. Amma saboda su da ire-irensu nake wannan rubutu, ganin an kusa buɗe rajistar sabon zango a cibiyoyin koyon sana'a.

Bari in faɗi asalina, kada a ce wani ɗan boko ne ya zo yana mana wa'azi. Mahaifina Badamagare ne. Farin 1973 zuwa 1974 ya koro shi nan, ya zauna yana 'yar saye da sayarwa tsakanin Tam da Arlit, ya auri mahaifiyata 'yar ƙasa. Ina ɗan shekara takwas ya mayar da ni Damagaram karatun allo, yadda ubansa ya yi masa. Na dawo ina da 17, na sauke, amma ban taɓa zama a bencin lakwal ba ko na yini ɗaya. Aka kai ni wajen wani mai walda, na fara da riƙe ƙarfe da sayo shayi har na zama abin da na zama. Takardar zama ɗan ƙasa ma sai bayan gyaran dokar da aka yi a 2005, wanda ya ba uwa 'yar Aljeriya damar ba ɗanta ƙasa ko da ubansa baƙo ne, sannan na same ta. Da yawa cikinmu labarinsu ke nan da ɗan bambanci. Hannu ya ƙware, baki yana juya Hausa da Darija da ɗan Buzanci, amma da an ajiye takarda a gaba sai a nemo tawada a miƙa ɗan yatsa.

Kada in yi wa kaina kirari, son ilimi bai kai ni aji ba. Cuta aka yi min. A 2018 wani ɗan kwangila ya ba ni aikin ƙofofi da tagogin ƙarfe na gidaje goma sha biyu. Muka yi ciniki da baki, ya ba ni rabin kuɗi na sayo ƙarfe, na yi wata biyu ni da yarana muna aiki har dare. Ranar da na kai kaya ya fito da takarda ya ce in dangwala, wai shaida ce cewa kaya sun iso. Na duba, Larabci ne. Haruffan na gane su sarai, har ina haɗa wasu kalmomin a baki, amma ma'anar ta wuce ni. Na dangwala. Da na koma neman cikon kuɗina sai ya buɗe takardar ya karanta min a tsanake: ni da hannuna na shaida an biya ni duka, ba na binsa ko dinari. Dattawa suka shiga tsakani, aka ba ni abin da bai kai sulusin haƙƙina ba, aka ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma daren nan ban runtsa ba. Kuɗin sun yi min ciwo, sai dai akwai abin da ya fi su ci min rai. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta allonsa da hannunsa, wai shi ne layi huɗu na Larabci suka kayar.

To a nan ne nake so in tsaya da 'yan'uwana almajirai, don mu ne muka fi yawa, kuma mu ne muka fi raina abin da ke hannunmu. Duk wanda ya yi allo a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ko Kano, ya riga ya yi rabin tafiyar nan bai sani ba. Ƙira'ar Warshu da muka tashi da ita ita ce ake karantawa a masallatan ƙasar nan, rubutun allonmu kuma ɗan'uwan rubutun Magaribi ne. A ajinmu mu tara ne. Wasu sai da aka fara koya musu riƙon alƙalami, suna danna shi kamar za su huda takarda. Ni da wani ɗan Tawa kuwa tun makon farko muke karanta abin da malam ya rubuta. Inda muka yi tuntuɓe ma abin dariya ne. A allo, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. A rubutun ofis da na jarida fa ce mai ɗaya a sama, ƙaf biyu gare ta. Sai in ga fa in karanta ƙaf, aji ya ɗauki dariya. Sannan takardar hukuma ba ta da wasali bisa, ba ta da wasali ƙasa, ba ta da rufu'a, kai ne za ka san inda kowanne ya dace. Wannan ya ɗan wahalar da mu, amma na wata biyu ne. Abin da ya rage mana da gaske shi ne ma'anar kalmomi, da lissafi a rubuce, da baƙaƙen Faransanci saboda awo da sunayen kayan aiki. Shi ya sa in almajiri ya ce min shi jahili ne, raina yake ɓaci. Wanda ya yi shekara tara yana wanke allo yana sake rubutawa ya san zaman karatu fiye da yawancin masu yi masa kallon jahili.

Ƙofofin kuma a buɗe suke ga mai takardar ƙasa, mu ne ba mu san su ba, ko muka sani muka kau da kai. Hukumar yaƙi da jahilci da ilimin manya, ONAEA, tana da azuzuwa a makarantun firamare da masallatai da gidajen matasa, kuma ba a biyan ko sisi. Akwai ƙungiyar Iqraa da aka kafa tun 1990, ita ma aikinta ke nan. Ƙasar nan ta san ciwon rashin karatu. Lokacin da Faransa ta fita a 1962, kusan kashi 85 cikin 100 na mutanen Aljeriya ba sa karatu ba sa rubutu. Yau alƙaluman hukuma sun ce abin ya sauko ƙasa da kashi 10. A 2019, shekarar da na shiga aji, UNESCO ta ba hukumar ta ONAEA kyautar Sarki Sejong saboda shirinta na koyar da manya da harshe fiye da ɗaya, wato Larabci da Tamazight. Waɗanda suka sauko da alƙaluman nan tsofaffi ne irin iyayenmu da suka ajiye kunya suka zauna a benci. Karatun matakai uku ne, kuma wanda ya gama yana iya zarcewa da karatu daga gida ta hukumar ONEFD, ya rubuta BEM, ya rubuta bakaloriya a matsayin mai zaman kansa. Daga nan ga jami'armu ta Tam mai sunan Amenokal Alhaji Musa Ag Akhamuk, ga kuma jami'ar ma'aikata ta UFC. Ni ban yi nisa haka ba, kuma ba na jin zan yi. Korona ma ta katse mana karatu a 2020, sai da na sake wani matakin. Amma duk wanda ya bar lakwal a aji biyu ko uku na mutawassit, yana ɗan shekara 28 ko 30 yana zaune a bakin shago, ya sani hanyar tana nan.

Sai maganar takwin, wadda ita ce ta fi shafar mai sana'a. Cibiyoyin CFPA da na INSFP suna ɗaukar sababbi sau biyu a shekara, a kaka da kuma watan Fabrairu. Tsarin da ya fi dacewa da talaka shi ne tamhin: yawancin kwanaki kana wajen mai gida kana aiki, wasu kwanaki kana cibiya kana karatu, ana ba ka ɗan abin sabulu, a ƙarshe ka fita da difloma. Dokar da ke tafiyar da shi, mai lamba 18-10 ta watan Yunin 2018, ta ce daga shekara 15 zuwa 35. Ni na riga na haura, wannan ƙofa ta rufe min. A ganina ya kamata a sake duba wannan iyaka, musamman a nan kudu inda mutane da yawa ba su samu takardun haihuwa da na ƙasa da wuri ba. Mutumin da ya samu takardarsa yana da shekara 30 ba daidai yake da ɗan Alje da aka haifa da tasa a hannu ba. Amma kafin a duba, ku masu 30 da 33, ku sani agogo yana tafiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu da muka haura ba a bar mu a rana ba. Akwai karatun yamma, akwai gajerun kwasa-kwasai na 'yan watanni da ba sa neman babbar takardar makaranta, akwai kuma gwajin ƙwarewa ga wanda ya riga ya iya sana'a a hannu. Ta nan na bi. Aka ba ni ƙarfe da zane aka ce in haɗa. Haɗin ƙarfen wasa ne a wajena, shekara ashirin ina yi. Zanen ne da a shekarun baya da ya kunyata ni, don a milimita aka rubuta shi, ni kuwa da taƙi da ido na saba awo. Da wannan shaida na je ofishin masu sana'ar hannu na karɓi katin sana'a. Da katin na yi rajista a CASNOS, na samu katin Shifa, yau in yaro ya kwanta ba na sayar da injin niƙa ƙarfe don sayen magani. Ina rubuta faktir da sunana. Kafin nan, kun san a ƙarƙashin wa nake karɓar aikin hukuma? Wani yaro da ni na koya masa riƙe fensar walda, ya je ya yi wata goma sha takwas a cibiya ya fito da takarda. Shi yake karɓo aiki, ni nake yi, shi yake yanka min abin da ya ga dama. Yaron bai cuce ni ba, yana ma girmama ni, har yau Baba yake ce min. Amma duk ranar da zan je karɓar kuɗi a hannunsa sai na ji wani abu ya tokare min wuya.

Akwai maganar da magidantanmu ba sa son ji, ita ce ta tsufa. Sana'o'in da muka fi yi a garin nan, gini da walda da dako da haƙa, duk da jiki ake yinsu, jiki kuwa aro ne. Ni yanzu in na yi aikin dare, da safe idona kamar an zuba min yashi. Ku duba maginan da suka gina rabin Tahaggart da Sarsuf, ina suke? Gwiwa ta tafi, baya ya riƙe, ba fansho, ba inshora, suna zaune a ƙofar masallaci suna jiran abin da ɗa zai kawo, in ɗan yana da shi. Mai takarda in ƙarfi ya ƙare yana iya zama mai duba aiki, ko mai lissafin kaya, ko mai horar da yara. Marar takarda kuwa ranar da hannu ya gaza, ranar abinci ya tsaya.

Garin ma ya canza a kan idonmu. Tun da aka jawo ruwa daga In Salah a 2011, tafiyar kilomita 750 a bututu, gine-gine suka ƙaru, aikin famfo ya samu kasuwa. Ga na'urar sanyaya ɗaki da firji a gidaje, ga farantan hasken rana har a ƙauyuka. Tun 2021 hukuma ta fara ba ƙananan kamfanonin matasa lasisin haƙar zinariya suna sayar wa ENOR, kuma lasisi da rajista da takarda yake tafiya. Ana ta maganar bututun gas da zai taso daga Najeriya ya ratsa Nijar ya shigo nan, ana maganar layin dogo. Ko sun zo gobe ko sun daɗe, abu ɗaya na sani: kamfani ta ofishin ANEM yake ɗaukar ma'aikata, kuma tambayar farko a can ita ce, ina shahadarka? Kullum muna kuka a wajen shayi cewa ana kwaso ma'aikata daga arewa ana barin 'yan gida. Kukan yana da gaskiya, har gwamnati ta fitar da umarni a 2013 cewa a fifita 'yan gida a wilayoyin kudu. Sai dai in kamfani ya nuna ya nemi mai takardar aikin a gida bai samu ba, yana da hanyar kawo na waje. Ashe ke nan rashin takardarmu mu muke miƙa musu hujja da hannunmu.

Samarinmu masu karɓar minha, ku ma ina da magana da ku. An fara biyan kuɗin rashin aikin nan a watan Maris na 2022 da dinari 13,000, aka kai shi 15,000 a farkon 2023, wato miliyan ɗaya da rabi a lissafinmu na santim. Cikin sharuɗɗansa akwai karɓar horo in an tura ka. Ina ganin yadda wasu ke ɗaukar horon nan kamar tara, a je a sa hannu a zame. Wallahi da a zamaninmu aka ce ga kuɗi duk wata, je ka koyi aikin sanyi ko na lantarki, da mun kwana a ƙofar cibiya. Kuɗin yana da iyakar shekaru, a 40 yake tsayawa. Wanda ya cinye shi a kan katin waya da fetur ɗin babur, ko ya tara ya tafi Cibarakaten neman sa'a, ranar da aka rufe masa zai waiga ya ga bai riƙe komai ba.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na ba da ita shekara da shekaru. "Malam, wa zai ciyar da gida in na tafi aji?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba zan raina ta ba. Kwana uku a mako nake rufe rumfa bayan la'asar, kuma na yi asarar ciniki, wasu masu kawo min aiki sun koma wajen maƙwabcina ba su dawo ba. Akwai watan da sai da matata ta sayar da 'yan kunnenta. Mai aikin yini a shantiye, wanda in bai fita ba ba a ɗora tukunya, nasa ya fi nawa wuya nesa ba kusa ba. Amma da na zauna na yi lissafi, abin da ɗan kwangilar nan ya cinye min a yini ɗaya ya fi duk asarar da na yi a shekara biyu ta zuwa aji. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, awa nawa muke kashewa a kan shayi da waya tsakanin magariba da sha ɗayan dare?

Wasu kuma su ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai ya riga ya bushe. Eh, akwai bambanci. Abin da yaro zai riƙe a yini, ni sai na yi mako. Rabawa mai waƙafi ta kusa sa ni in ajiye littafi. Ɗiyata ta biyu, tana aji huɗu na firamare a lokacin, ita ta zama malamata. Sai ta zauna kusa da ni da dare ta ce, "Baba, ba haka ake ba, sauko da sifirin." Ranar farko na ji nauyi, har na ce mata ta je ta kwanta. Daga baya na lura tun da ta fara koya min, makinta a lakwal ya hau, ƙannenta kuma suka daina jiran a ce musu su ɗauko littafi. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi, ya san dalilin zamansa. Duk kalmar da na koya, na san takardar da zan je in karanta da ita.

Abin kunya a gare mu maza, azuzuwan nan mata ne suka cika su, a nan da ko'ina cikin ƙasar. A makarantar da na yi, ɗakunan mata uku ne maƙil, namu ɗaya ne kuma rabinsa kujeru ne. Duk da haka a cikin Hausawanmu akwai mazan da ke hana matansu zuwa, wai mace ta fita neman boko da girmanta. Ina dalili? Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matan aure da tsofaffi take tura wa jajis har ƙauyuka su karantar da su, 'Yan Taru ke nan da ake faɗa. Mu ne za mu fi ta sanin mutuncin mace? Cibiyoyin takwin suna da sashe na matan gida, ɗinki da kayan fulawa da gyaran gashi da sauransu, kuma da wannan shaida mace tana iya neman rancen ANGEM na sayen kayan aiki, wanda babu ruwa a kansa, har dinari 250,000 a wilayoyin kudu. Matata ta shiga bayan ni da shekara ɗaya. Ta fi ni kyan rubutu, kuma ba ta bari in manta da hakan.

Yanzu sai magana mai nauyi, wadda in na tsallake ta na yi ha'inci. Duk abin da na lissafa na mai takarda ne. Kaso mai yawa na masu jin Hausa a Tam ba su da ita. Sun zo daga Kance da Matamaye da Magarya da Tasawa neman abin kai wa gida, dokar baƙi ta 2008 tana kansu, kuma tun Disambar 2014 ake kwasar mutane a motoci ana mayar da su ta Asamaka. Ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit a watan Oktoban 2013 ba, yawancinsu mata da yara, a kan hanyarsu ta zuwa nan. Wanda ke cikin wannan hali ba zai je ya yi rajista a ko'ina ba, kuma ba ni da bakin ce masa ya je.

Nauyin waɗannan a wuyanmu yake, mu masu rumfuna da garejoji da shagunan ɗinki, kuma ni na fara da kaina don na yi laifin. Akwai wani yaro ɗan Matamaye da ya yi shekara uku a wajena. Wata safiya aka yi kame, ya tafi da rigar da ke jikinsa. Bayan kwana goma ya kira ni daga Agadas ya ce, "Baba, na samu mai ba ni aron inji, amma in an kawo aiki ban san yadda zan yanka kuɗi ba." Shekara uku! Na koya masa narka ƙarfe, ban koya masa karanta mita ba, ban koya masa lissafin sandar ƙarfe nawa ƙofa take ci ba, don ni nake yin wannan, shi ɗan aike ne da riƙe min baki. Da na ware masa rabin awa kullum, da ya koma gida da sana'a cikakkiya, don abin da ke cikin kai ba a sauke shi a kan iyaka. Yanzu duk yaron da ke rumfata, mai takarda da marar ita, bayan sallar azahar sai mun yi rabin awa da alli a jikin ƙofar ƙarfe: lambobi, milimita, kuɗin kaya, kuɗin aiki, da rubuta sunansa da na garinsu da lambar wayar gida. Wanda ya koma Nijar kuma ina gaya masa ya nemi cibiyar CFM ta karamar hukumarsu, ya tambayi shirin FAFPA, ko Allah zai sa ya samu shaidar da ba zai samu a nan ba.

Shugabannin al'ummarmu da malaman zaure, ku ma da naku. Muna iya tara kuɗi cikin dare ɗaya in za a yi walima ko a kai gawa gida, Allah ya ba da lada. Me ya hana mu tara na allo da alli da ɗan abin da za a ba ɗalibin jami'a ɗaya cikin 'ya'yanmu ya riƙa koyar da manya bayan isha'i? A Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, kuma da Hausa aka fara koya wa mutane kafin a kai su ga wani harshe. Abin da na gani a ajinmu shi ne, mutum uku cikin tara sun gudu tun watan farko, don malamin da Larabcin littafi yake bayani, su kuwa ko Darija ba ta zauna musu ba. Da akwai mai faɗa musu da Hausa sau ɗaya, da sun zauna. Ga hukuma kuma roƙona biyu ne. A buɗe ajin maza bayan isha'i, don ajin la'asar na wanda ba ya neman abinci ne. Sannan a nemi masu jin Hausa cikin masu koyarwa a unguwannin da muke da yawa. Tashar Ifrikya FM da aka buɗe a 2023 tana watsa shiri da Hausa don a ji mu a ƙasashen maƙwabta, to a yi sanarwar rajistar takwin da Hausar ma don mu na cikin gida mu ji.

Wanda ya yi niyya, ya tanadi takardar haihuwa da hotuna, da takardar lakwal in ya taɓa yi ko da aji ɗaya ne. Rajistar takwin yanzu ta intanet ake farawa, kowane yaro mai waya zai yi maka ita cikin minti goma, sannan ka kai takardun da kanka. Ka tambayi abu uku kafin ka zaɓi fanni: wata nawa ne, da wane lokaci ake shiga, da irin shaidar da ake bayarwa a ƙarshe, don ba duka ne difloma ba. Ajin mahwul ummiyya kuwa ka tambayi daraktan firamaren unguwarku ko limamin masallacinku.

Abokin nan nawa mai maganar kuɗin fanke ya tare ni makon jiya bayan an watse daga shayi. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce in tambayo masa ko makarantar tana da ƙofar baya. Alhaji, na tambaya, ƙofa ɗaya ce, kuma tana kallon titi. Ranar Lahadi bayan la'asar zan biyo maka mu shiga tare, littafi da alƙalami suna wajena.